Farfesan da Ya Noma Hanya

Kafin in fara, ina neman afuwar duk wanda ya fi ni sanin Kawu Sani, kuma suna da yawa. 'Yan uwa da tsofaffin ɗalibansa ne suka matsa mini in rubuta wani abu, wai ni na fi kowa yawo da shi a bayan moto tun da ya ajiye aikin jami'a ya dawo gida. Gaskiya ne na ɗauke shi, amma mai tuƙi gaba yake kallo, iska kuma tana kwashe rabin magana. Wasu abubuwan da idona na gani, wasu Inna Zulai matarsa ta ba ni, wasu kuwa an maimaita su a gidanmu har na kasa rabe wanda na gani da wanda na ji. Inda na yi shakka zan faɗa. Ina jin zan faɗa da yawa.

Abu ɗaya da ba na shakka a kansa shi ne tambayarsa: "Da izinin wa?" Kawu ya ƙare ƙarfinsa a Yamai yana koyar da dokar mulki, da ta tsara ƙasa, da ta muhalli, kuma ɗalibansa sun ce da wannan tambaya yake buɗe darasi, da ita yake rufewa. Da ya dawo ƙauyenmu, gabas da Bande, bai bar ta a aji ba. Ka ɗaure jaki a inuwar maƙwabci, da izinin wa? Ka juyar da ruwan wanka ya bi ta lungu, da izinin wa? A tashar Magariya direbobi na hango shi sai ka ji ana cewa, "Ga Da-izinin-wa nan tafe, a sauke na kan rufi!" Bai taɓa ɗaga murya ba. A hankali yake tambayar, yana gyara tabarau, kamar mai neman a taimake shi. Shi ya sa ta fi ciwo.

Bari in fara da ragon layya, tunda kowa shi yake fara tambayata. Akwai gawo a bayan gidansa. Wata shekara, Sallah ta matso, abincin dabbobi ya yi wuya, Inna Zulai ta sa aka sassaro reshe guda aka ba rago. Kawu ya dawo daga masallaci ya ga gurbin sara.

"Zulai, da izinin wa?"

"Da izinin ragon, Malam. Shi ya yi ta kuka."

Ko a lokacin doka tana neman takarda kan reshe guda a bayan gidan mutum, har yau ban tabbata ba, kuma na duba. Shi dai ya ce gawo itace ne mai kariya, kuma shi ne maigida. Washegari ya sa na kai shi Magariya don ya kai ƙarar kansa. Jami'in gandun dajin da muka tarar ashe tsohon ɗalibinsa ne. Bawan Allah ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Farfesa, don Allah ka rufa mini asiri, ka koma gida."

"Wane sashe na doka ya ce a koma gida?"

Jami'in ya share gumi, ya yi tunani, sannan ya ce to sai an kawo reshen ya gani, don ba a hukunci ba shaida. Kawu ya yi murmushi, ya ce madalla, ashe bai yi barci a ajinsa ba. Muka juyo gida neman shaida. Inna Zulai tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ganyen rago ya cinye, itacen na dafa maka tuwon jiya da shi. Kuma ka yi ƙari."

Ranar Sallah ya ci naman, amma ya sanar da mu cewa duk wanda ya sa hannu a kwanon nan ya zama abokin laifi. Inna Zulai ta ce a miƙo wa babban mai laifi hanta.

Duk wannan wasa ne. Abin da ya ci ransa da gaske burtali ne, hanyar shanun da ta gangaro daga arewa ta ratsa bayan gonakinmu ta nufi wajen Dogo-Dogo. A kanta ya rubuta kundin doktoransa a Faransa. An gayyace shi taruka a ƙasashen da ban san sunan wasunsu ba don ya yi bayaninta. In burtali ya toshe, shanu gona suke shiga, in sun shiga gona kuwa sanda ke fita, kuma a yankinmu an taɓa fasa kai a kan haka. Iyalan Ardo Juli, maƙwabtanmu masu kiwo da noma, ba su da wata hanyar kai garkensu mashaya sai ita.

Da na gama lisansi, wato digirin farko, a Damagaram na zo rubuta kundin karatu na gaba, sai na zaɓi burtalin nan, a tunanina Kawu ya riga ya yi mini rabin aiki. Na je masa da taswira. Ya naɗe ta ya mayar mini.

"Taswira ba ta taɓa taka ƙaya ba. Nemo takalmi."

Muka bi garken Ardo a ƙasa, shi da lema, ni da gorar ruwa. A wasu wuraren shanu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ba mai gogar wani. Muna matsowa gida hanya tana tsukewa, tana tsukewa, har muka iso inda sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya, makiyayi yana kare wake da sanda hagu da dama. Kawu ya tsaya.

"Habu, gonar wa ce wannan?"

"Kawu, bisa ga dukkan alamu, mai yiwuwa ne a ce..."

"Kai! A gonar nan kunama ta fara harbinka. Ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce bisa ga dukkan alamu?"

"Ta Kawu Alhaji ce."

"Tamu ce. Rubuta."

Alhaji Lawali yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yayan innata kuma. Shi ke riƙe da gonar gidan tun rasuwar kakanmu, ba a raba ba, kamar yadda aka saba in babba yana raye kuma ana zaman lafiya. Kowace damina yana ƙara kunya ɗaya ta wajen burtali. Kunya ɗaya ba ta ɗaga hankalin kowa. Amma shekaru sun taru. A cikin kundina na rubuta cewa "wasu manoman yankin" sun matse hanyar. Kawu ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. Ya adana kalmomin, daga baya su suka zama sunan Alhaji a bakinsa.

Ba a daɗe ba abin da ake gudu ya faru. Da kaka shanun Ardo suka faɗa waken Alhaji, aka yi cacar baki, aka ɗaga sanduna, Allah ya tsare ba a sauke su ba. Aka kira zama a ƙofar mai gari, da mutanen komisiyon, wato hukumar filaye. Alhaji ya yanka wa ƙanensa zakara a jajibirin zaman, ya bi gari yana cewa, "Su zo da duk wanda za su zo da shi. Ni da farfesa zan zo."

Farfesa kuwa ya zo. Cikin baƙar rigar jami'a mai faɗin hannu, a zafin kaka, yana tafe tana jan ƙasa. Wasu sun ce har da hular rigar, ni ban tuna hula ba. Ya fara da Faransanci saboda mutanen komisiyon. Ya ɗauko tun daga zamanin kakanni, ya bi ta dokokin karkara, ya faɗi haƙƙin makiyayi da na manomi. Mai gari ya yi gyangyaɗi ya farka. Alhaji, da ba ya jin Faransanci, sai kaɗa kai yake yana duban Ardo.

"Ƙwarai! Gaya musu, Sani! Ƙara musu!"

Ni ina gefe, ina jin komai, ina roƙon ƙasa ta tsage. Can Kawu ya juya harshe.

"A taƙaice, ranka ya daɗe, shanu ba su shiga gonar Yaya ba. Gonar Yaya ce ta shiga hanyar shanu."

Alhaji ya miƙe, carbi a hannu.

"Sani! Gyaɗar gonar nan ce ta kai ka lakwal ka yi boko!"

"Gaskiya ne, Yaya. A lokacin ba ta yi wannan ƙibar ba."

"Ka ci zakarana!"

"Na ci, kuma ya yi daɗi. Amma ba ya cikin shaidu."

Aka yanke hukunci, aka kafa turakun siminti a bakin tsohuwar iyaka. Kawu ya yi kwana biyu yana tafiya kamar ango. Da damina ta zagayo, turakun suka matsa. Ba wanda ya ga an taɓa su. Wata daminar suka ƙara matsawa. Kawu ya ce a duk karatunsa bai ga siminti mai ƙafa ba sai a garinmu.

Nan wahalata ta fara. Ya rubuta koke, na ɗauke shi a moto muka kai. Ya sake rubutawa, na sake kai shi. Ba zan faɗi biro-biron gwamnati, wato ofisoshin da muka shiga ba, don ban da tabbacin laifin wani ne, kuma kowa da nasa uzurin. Duk inda muka shiga akwai wanda ya koyar. A miƙe masa, a ba shi kujera mai laushi, a kawo ruwan sanyi, a tuna masa yadda ya kayar da wane a jarrabawa, a yi dariya, a rako mu har bakin moto. "Za mu duba, Farfesa." Wata rana muna dawowa, rana ta karya, na ji ya jingina goshinsa a bayana, abin da bai saba ba.

"Habu, na koya musu abubuwa da yawa. Abin da suka riƙe shi ne yadda ake cewa za mu duba da Faransanci mai kyau."

Na ce mai yiwuwa za su duba ɗin. Ya ce in kula da rami.

A gida kuwa 'yan uwan biyu sun daina magana da juna, amma ba su daina zama tare ba. Kullum bayan la'asar suna kan tabarma ɗaya, ƙwaryar fura ɗaya, ludayi yana zagayawa tsakaninsu. Ni ne waya.

"Habu, gaya wa farfesanka ya rage shan kauri, ya bar wa mutane."

"Habu, gaya wa wasu manoman yankin cewa sun matso da ƙafarsu cikin rabon tabarmata."

"Gaya masa gawo ne shi. Kowa ya yi ganye da damina shi ya zubar, kowa ya zubar shi ya yi."

"Gaya musu a ƙarƙashin gawo gero ya fi kyau."

Suna iya jin numfashin juna, amma sai na maimaita. In na rage wa magana kaifi, su biyun su taso mini. Na yi lisansi a fannin doka, na ƙare ina fassara Hausa zuwa Hausa.

Sai wata rana Kawu ya ce a gaya wa wasu manoman yankin yana son a raba gado. Gidan ya girgiza. Raba gonar uba alhali babban wa yana raye, a wurinmu, kusan cewa ne zumunci ya ƙare. Innata ta yi kuka. Alhaji ya ce a raba, ya san inda aka dosa, kwarin da ke riƙe ruwa ake so, inda gawo suka yi layi. Aka kira liman da dattawa, aka auna da igiya. Aka ce Kawu ya faɗi ɓangaren da ransa ya fi kwanta masa, in 'yan uwa sun yarda. Ya nuna gefen burtali, jigawar da ko ƙaya sai ta yi haƙuri take fita.

Liman ya ce, "Farfesa, ko ba ka ga da kyau ba? Kwarin yana can."

"Na gani, Malam. Nan nake so."

Alhaji ya ce, "Habu, tambaye shi ko rana ta taɓa shi."

Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka. Kawu ya sa aka mayar da turakun siminti inda hukunci ya ajiye su, ya ƙara ja da baya, ya bar duk abin da aka ci na hanya ba shuka. Ɗan abin da ya rage masa ya watsa wake, awaki suka raba shi da shi. Ya kawo kujerarsa ta ƙarfe mai naɗewa, wadda abokan aiki suka ba shi ranar sallama, ya kafa a bakin iyaka, ya buɗe lema. Nan yake wuni. Shanu su zo wucewa, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗaga musu hannu.

Gari ya samu abin dariya. Da kaka, ana ɗaurin dami, wani a majalisa ya ce, "Farfesa, bana me aka samu?"

"Bana hanya na noma."

"To, ta yi kyau?"

"Ta yi. Ko fara ba ta taɓa ta ba."

Ardo Juli ya zo da ƙwaryar nono yin godiya. Kawu ya tare shi a zaure, ransa a ɓace.

"Da izinin wa kake mini godiya? Ba kyauta na yi maka ba. Hanyarku ce tun kafin a haife ni. In na sha nonon nan, gobe a ce an saye ni."

Ardo ya ce, "To, Farfesa, Allah ya huci zuciyarka." Ya fita, ya zagaya ta ƙofar baya, ya miƙa wa Inna Zulai. Da shi aka dama furar la'asar. Kawu ya sha, ya ce yau fura ta yi gardi. Alhaji ya ce, "Habu, gaya masa ya sake cinye shaida."

Amma kada in bar ku da tunanin ya ji daɗi. Bai ji ba. Ya taɓa ce mini abin kunya ne a ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana koyar da cewa doka ke tsare hanya, ƙarshe sai da ya zauna a kanta da kujera. Ya ce kujera ba doka ba ce, mai ita na tashi an gama.

Ya rasu da bazarar da ta wuce, bayan gajeriyar jinya. Ana gobe za a kai shi asibitin da bai dawo daga shi ba, na zauna kusa da shi da hantsi, na tambaye shi abin da ke cina.

"Kawu, in an zo shuka wurin, me zan ce?"

"Kai? Za ka ce mai yiwuwa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kada ka damu, Habu. Doka tana nan." Ya gyara kwanciya. "Tana nan, a Yamai."

'Ya'yansa duk suna birni, wasu a waje. Ba na zarginsu, ba su tashi a nan ba. Bayan sadakar arba'in Yaya Mutari, babban ɗan Alhaji, ya kira su, suka ce a yi amfani da filin kada ya zauna banza. Ya zo ya same ni, ya ce yanzu ni ne mai dokar gidan, akwai matsala? Na yi masa bayani mai tsawo. Da na gama ya ce, "Wato babu." Ban san ta inda ya ji haka ba, amma ina tsoron a cikin bayanin ne.

Safiyar ruwan farko na riga su zuwa. Na tsaya inda kujera take tsayawa, na shirya magana tun daga gida. Suka iso da sungumi da ƙwaryar iri. Can gefe yaran Ardo sun tsayar da garke suna kallo, da sandunansu. Na buɗe baki, na ce, "Yaya Mutari, a ganina, ko da yake..." Ya wuce ni kamar turke, ya ɗaga sungumi.

Sai muka ji ƙarar amalanke. Alhaji ne, wanda ƙafa ta hana shi zuwa gona tun bara, zaune a kan buhu, kujerar ƙarfe a kan cinyarsa. Aka sauke shi. Ya yi ta kokawa da kujerar, ya ƙi a taimake shi, har ta buɗe. Ya zauna, ya huta, ya dubi ɗansa.

"Da izinin wa?"

"Baba, ai 'ya'yansa sun ce..."

"Na tambaye ka 'ya'yansa? Gonar ƙanena ce, kuma an riga an shuka ta."

"Me aka shuka, Baba?"

"Hanya. Ba ka ga ta tsiro ba? Ku kwashe tarkacenku."

Suka kwashe. Garke ya taso, ya bi ta gabansa, ƙasa mai laima tana tashi da ƙamshi. Alhaji bai ɗaga musu hannu ba, kada a ƙara masa abin da bai yi ba. Ya bi su da ido har na ƙarshe ya wuce, sannan ya juyo wajena.

"Habu, gaya wa farfesanka..."

Ya tsaya. Na jira. Ya ja hular kansa ya rufe fuska da ita, muka zauna a haka har rana ta yi zafi.

Ba na cewa Alhaji ya sauya ra'ayi. Ko shekaranjiya ya ce Sani gawo ne, kuma Ardo ya cika yawan shanu. Bana dai shanu sun wuce lafiya, ba a ɗaga sanda ba. Baɗi ban sani ba. Alhaji ya tsufa, kujerar kuma mai ita ya riga ya faɗi iyakarta.

Allah ya jiƙan Kawu Sani, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa fiye da yadda ya yalwata wa dabbobin da ba su san sunansa ba. Allah ya buɗe masa hanya, ya sa kada a tsare shi da tambaya mai tsanani. Ya ba Inna Zulai haƙuri, ya ba Alhaji abokin fura. Amin.

Duk wanda ya ga kuskure a nan, ya aiko mini da gyara ta hannun 'yan gida, zan karɓa da godiya, ko kan hular ce. Amma na fi neman dattawan da suka halarci zaman ƙofar mai gari, da duk wanda ya san inda turakun suke tun kafin su koyi tafiya. Ina shirin komawa biro-biron nan kafin wata damina, kuma ina bukatar shaidun da ba za a cinye ba. Wannan karon ba zan rubuta "wasu manoman yankin" ba. Haka dai nake fata.